Lazer Mai Canza Launi: Yadda Masana Suka Kama Linzamin Haske

Duk wanda ya taɓa riƙe akwatin rediyo ya san amfanin maɓallin nan da a ke murɗawa a bar wata tasha a kamo wata. Rediyon da ba ya kama sai tasha guda, kome ƙarfin muryarsa, amfaninsa kaɗan ne. Haka lazer ya ke lokacin da aka ƙago shi cikin shekara ta 1960. Haske ne mai ƙarfi wanda duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba, amma launinsa guda ne tak, kuma ba mai ikon canza shi. Masana kimiyya na ƙasashe da yawa sun yi wajen shekara 30 suna neman abu biyu: su samu lazer wanda za su zaɓa masa launin da su ke so, su kuma sa shi ya riƙa fitar da haskensa walƙiya-walƙiya, gajeru ƙwarai. Samun waɗannan abubuwa biyu shi ne ya fid da lazer daga matsayin abin mamaki ya mai da shi kayan aiki, a gidan likita, a masana'antu, har a sararin samaniyar Yamai.

Abin da ya sa launi ya zama babbar magana

Haske yana tafiya ne igiya-igiya, kamar yadda ruwan tabki ke yi in an jefa masa tsakuwa. Tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata ita ce ke ba haske launinsa. Ana auna wannan tazara da ma'aunin da a ke kira nanomita, wato a ɗauki milimita guda a raba shi gida miliyan. Jan haske yana wajen nanomita 700, tsanwa wajen 530, shuɗi wajen 450. Abin da ya yi ƙasa da 400, da wanda ya zarce ja, idon ɗan Adam ba ya ganinsu, amma suna nan. Hasken rana da na fitila gauraye su ke, dukan launuka na ciki, shi ya sa ruwan sama ke iya warware su a ga bakan gizo. Hasken lazer kuwa launi guda ne, igiyoyinsa na tafiya tare, ƙafa guda, kamar sojoji a fareti.

Kowane abu a duniya yana da launukan da ya ke sha da waɗanda ya ke bari su wuce. Ganyen itace yana shan ja da shuɗi, ya maido tsanwa. Jini yana da nasa launuka, tururin ruwa yana da nasa, kowane irin ƙarfe yana da nasa. Ƙwayoyin zarra, wato mafi ƙanƙantan ɓarɓashin da aka gina kome da su, ba su amsa kira sai da launin da ya dace da su daidai wa daida. Saboda haka mai binciken da ke da lazer mai launi guda kamar mutum ne mai mabuɗi guda a gida mai ɗaki dubu.

Ɗigon da aka ɗauka datti ne

Ran 16 ga watan Mayu na 1960, a gidan bincike na kamfanin Hughes da ke Malibu cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, Theodore Maiman ya kunna lazer na farko. Ya yi amfani da ɗan guntun jan yaƙutu da aka sarrafa a masana'anta, ya kewaye shi da fitila mai walƙiya irin ta masu ɗaukar hoto. Jan haske ya fito, mai nanomita 694.

Shekara guda bayan haka, a jami'ar Mishigan, Peter Franken da abokan aikinsa uku suka tattara wannan jan haske wuri guda cikin ƙanƙarar dutse mai garai-garai. Abin da aka sani tun kaka da kakanni shi ne, haske in ya ratsa gilashi ko ruwa, da launin da ya shiga da shi ya ke fita. Amma a wannan karo wani ɗan kaso na hasken ya fito da nanomita 347, wato rabin 694 daidai, launin da ke bayan shuɗi wanda ido ba ya gani. Dalili shi ne, haske in ya yi ƙarfi ƙwarai yana girgiza ƙwayoyin dutsen fiye da kima, sai su daina maimaita abin da aka ba su, su soma fitar da wani sabo. Mai rediyo ya san irin wannan: in ya ƙure murya, lasifika kan soma fitar da wasu sautuka waɗanda ba su cikin maganar mai magana. Daga wannan gwaji aka samu sabon fannin ilimi, wanda ke binciken yadda haske mai tsananin ƙarfi ke canza hali, ya kuma canza launi, cikin abin da ya ratsa.

Sabon hasken ya yi ƙaranci har alamarsa a jikin hoto ba ta wuce ɗan ɗigo ba. Da aka kai takardar wurin bugawa, masu gyaran mujallar suka ɗauka datti ne, suka share shi. Haka labarin ya fito cikin 1961, da kibiya tana nuna wurin da babu kome.

Cikin 1962 Nicolaas Bloembergen, mutumin Holan da ke koyarwa a jami'ar Harbad, tare da almajiransa, cikinsu har da Bafaranshe Jacques Ducuing, suka tsara lissafin da ya bayyana yadda igiyoyin haske ke gauraya cikin irin waɗannan duwatsu. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel cikin 1981. Abin da Franken ya sha wuya kafin ya gani ya zama ruwan dare: ƴar fitilar lazer mai tsanwan haske da a ke nuna rubutu da ita a wurin taro, a cikinta hasken nanomita 1064 ne a ke mayarwa 532 ta wannan hanya.

Hikimar walƙiya

Sabon fannin ba ya tafiya sai da haske mai ƙarfin gaske, kuma ba a iya riƙe irin wannan ƙarfi na dogon lokaci ba tare da an ƙone kayan aiki ba. Dabarar ita ce ta maƙeri. In ya ɗora guduma bisa ƙarfe ya danna, ko ya yini bai yi kome ba. In ya tara ƙarfinsa ya sauke shi bugu guda, ƙarfe ya lanƙwasa. Cikin 1962, a gidan binciken Hughes kuma, Robert Hellwarth da Fred McClung suka nuna yadda za a toshe bakin lazer har ƙarfi ya taru, sa'an nan a buɗe gaba ɗaya. Walƙiyar da ta fito gajeriya ce ƙwarai, ana auna ta da nanosakan, wato sakan guda a raba shi gida miliyar.

Lissafin yana da ban mamaki. Ƙarfin da mutum ke kashewa ya ɗaga albasa mai giram 100 tsawon mita guda shi ne a ke kira jul guda. In aka matse wannan ɗan ƙarfi cikin nanosakan 10, to a wannan ɗan lokaci ƙarfin ya kai na ƙwan lantarki miliyan guda masu wat 100 kowane. An samu ƙarfi ke nan. Saura launi.

Ruwan rini ya buɗe ƙofa

Amsar farko ta fito daga inda ba a zata ba. Cikin 1966, a gidan binciken kamfanin IBM kusa da birnin Niyok, Peter Sorokin da John Lankard suna harba walƙiyar yaƙutu cikin wani rini da aka narkar a ruwan alkol, suna neman wani abu dabam, sai suka ga rinin da kansa ya zama lazer. A cikin shekarar nan kuma, a jami'ar Marburg ta ƙasar Jamus, Fritz Schäfer ya ci karo da abu iri ɗaya, ba tare da sanin aikin waɗancan ba. Ya kuma lura cewa in an ƙara kaurin rinin ko an tsinka shi, launin hasken yana gusawa.

Ba baban marina a ke nufi ba. Rini ne na masana'anta, irin mai ƙyalli in haske ya taɓa shi. Asirinsa shi ne, ƙwayoyin rini manya ne masu rassa da yawa, saboda haka suna iya fitar da jerin launuka maƙwabtan juna, ba guda ba kamar yaƙutu. Abin da ya rage shi ne a samu hanyar zaɓe. Cikin 1967 Bernard Soffer da B. McFarland suka cire ɗaya daga madubai biyu na lazer, suka sa wani faranti mai dubban siraran zane a madadinsa, wanda ke warware launuka kamar bakan gizo ya maido guda kaɗai. In an ɗan juya farantin, launi ya canza. Maɓallin rediyo ya samu ke nan. Cikin 1972 Bajamushe Theodor Hänsch, yana aiki a jami'ar Stanford, ya gyara wannan tsari har launin ya yi tsabta ƙwarai, ya zama ana iya rarrabe launukan ƙwayar zarra waɗanda a da su ke a cakuɗe.

Kusan shekara 20 lazer mai rini ne sarki a gidajen bincike. Da shi ne aka riƙa gajarta walƙiya: masana na gidan binciken Bell suka sauka ƙasa da femtosakan 100 cikin 1981, suka kai 6 cikin 1987. Femtosakan shi ne nanosakan a sake raba shi gida miliyan. Haske yana cin kilomita dubu 300 a sakan guda, wato ya kewaye duniya sau bakwai da rabi. Amma cikin femtosakan 100 ba ya gama ratsa kaurin gashi guda.

Duk da haka rini yana da wahalarsa. Yana tsufa da sauri in haske ya dame shi, wasu irinsa guba ne, ruwan da a ke narkar da shi yana kama wuta, kuma kowane rini ɗan yanki kaɗan ya ke rufewa. Mai son tashi daga rawaya zuwa shuɗi sai ya zubar, ya wanke bututu, ya zuba wani.

Canjin jika

Tun kafin rini wasu masana sun bi wata hanya. Sun ce, in dutse na iya haɗa ƙwayar haske biyu ya fitar da guda mai ƙarfi, kamar yadda Franken ya gani, to yana iya tsaga guda ta zama biyu. Misalinsa mai neman canjin jika guda a kasuwa: ana iya ba shi dala 100 da dala 100, ko dala 140 da dala 60, kowace hanya aka bi, jimla jika ce. Haka ƙwayar haske ke rabuwa gida biyu, kuma yadda aka raba shi ne ke ba kowane kashi launinsa. In an juya dutsen kaɗan, ko an ƙara masa zafi, rabon ya canza, launuka su canza.

Sergei Akhmanov da Rem Khokhlov na jami'ar Mosko suna cikin waɗanda suka kawo wannan shawara cikin 1962. Cikin 1965 Joseph Giordmaine da Robert Miller na gidan binciken Bell suka gina na'urar farko da ta yi aiki, suna canza launinta ta hanyar ɗumama dutsen. Amma duwatsun wancan zamani ba su jure ƙarfin haske, suna lalacewa, sai na'urar ta koma gefe. Cikin shekarun 1980 ne Chen Chuangtian da abokan aikinsa, a birnin Fuzhou na ƙasar Sin, suka fito da sababbin duwatsu biyu da a ke kira BBO da LBO, masu jure zafin walƙiya. Na'urar da ta yi shekara 20 tana jira ta farfaɗo, kuma da ita a ke samun launuka tun daga bayan shuɗi har can nesa bayan ja.

Dutse ya gaji rini

Cikin 1982 Peter Moulton, na gidan binciken Lincoln a jihar Masacusets, ya gwada dutsen safir da aka sa wa ɗan ƙarfen titaniyom. Wannan dutse guda yana ba da launuka tun daga wajen nanomita 650 har 1100, faɗin da sai an haɗa rini iri-iri kafin a rufe shi. Ba ya tsufa, ba ya zuba, kuma yana jure zafi. Cikin 1990 Wilson Sibbett da almajiransa a jami'ar St Andrews ta Sikotland suka gano cewa wannan lazer na iya tsara kansa da kansa ya riƙa fitar da walƙiya ta femtosakan 60, domin hasken mai ƙarfi yana mai da dutsen kamar gilashin tabarau mai tattara haske. Daga nan abin da a da sai gwanayen gwanaye ke iya yi ya zama na'urar da jami'a ke saye ta kunna.

Wata matsala ta rage. Gajeriyar walƙiya in aka ƙara mata ƙarfi, tana fasa na'urar da ke ƙarfafa ta. Cikin 1985, a jami'ar Rochester ta Amurka, Bafaranshe Gérard Mourou da almajirarsa Donna Strickland, ƴar Kanada, suka warware ta. Sun san cewa gajeriyar walƙiya ta ƙunshi launuka da yawa. Sai suka bi da ita cikin zaren gilashi mai tsawon kilomita 1,4 inda launukan suka jeru wani bayan wani, kamar ayarin raƙuma da ya iso ƙofar gari ya shiga ɗaya bayan ɗaya. A haka aka ƙarfafa su ba ɓarna, sa'an nan aka sake tara su wuri guda. An ba su kyautar Nobel cikin 2018, kuma Strickland ita ce mace ta uku da ta samu wannan kyauta a fannin fizik, bayan Marie Curie cikin 1903 da Maria Goeppert Mayer cikin 1963.

Abin da aka yi da shi

Ahmed Zewail, mutumin Masar da ya yi karatu a jami'ar Iskandariya kafin ya tafi Amurka, ya mai da gajeriyar walƙiya na'urar ɗaukar hoto. Walƙiya ta farko tana tada canji cikin sinadari, ta biyu mai wani launi tana biyo bayanta ta duba inda aka kai. Cikin 1987 ya bi diddigin yadda ƙullin ƙwayoyin zarra ke tsinkewa cikin kimanin femtosakan 200, abin da masana ke zato tun da daɗewa amma ba wanda ya taɓa aunawa yana cikin faruwa. Ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai cikin 1999.

A gidan likita, Rox Anderson da John Parrish na birnin Boston sun bayyana cikin 1983 cewa in an zaɓi launin da jini ke sha, aka kuma gajarta walƙiya yadda zafi ba zai bazu ba, ana iya ƙone ƙananan jijiyoyin jini a bar fatar da ke kewaye lafiya. Da wannan ne a ke maganin jan tabon da wasu jarirai ke zuwa duniya da shi. Tun farkon shekarun 2000 kuma likitocin ido ke amfani da walƙiyar femtosakan a madadin aska wajen gyaran gani.

Ba kowane buri ne ya cika ba, kuma misalin ya shafi ƙarfen iraniyom, irin wanda aka soma haƙowa a Arlit cikin 1971. Iraniyom iri biyu ne a gauraye: mai lamba 238, da mai lamba 235 wanda shi ne ke ba da wuta amma bai wuce 7 cikin 1000 ba. Tashoshin lantarki suna bukatar a ƙara yawansa ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Da ya ke launin da kowane iri ke sha ya ɗan bambanta, masana suka yi tunanin mai da ƙarfen tururi, su saita lazer mai rini bisa launin 235 kaɗai, su tsamo shi. Amurka da Faransa sun kashe kuɗi masu yawa bisa wannan. Dabarar ta yi aiki: a Pierrelatte, cikin 2003, an samu kimanin kilo 200 ta wannan hanya. Amma injuna masu juyawa da sauri sun fi ta arha da sauƙin riƙo. Amurka ta dakatar da shirinta cikin 1999, Faransa ta ajiye nata bayan gwajin 2003.

A sararin Nijar kuwa an ga amfaninsa cikin 2006, lokacin babban binciken damina ta Afirka ta Yamma da a ke kira AMMA. Wani jirgin saman bincike na Faransa ya riƙa tashi daga Yamai ɗauke da na'ura mai suna LEANDRE 2, wadda ke da lazer na dutsen aleksandirit, shi ma mai canza launi. Na'urar tana harba launi biyu maƙwabtan juna zuwa ƙasa: guda tururin ruwa yana shansa, guda yana wucewa. Bambancin abin da ya dawo shi ke nuna yawan laima a kowane tsawo na sama. Da haka aka auna inda iska mai laima ta kudu ke gamuwa da busasshiyar iskar hamada, wato iyakar da gusawarta zuwa arewa ke tafe da damina.

Inda aka kai

Cikin 1987, a gidan binciken Saclay kusa da Paris, Anne L'Huillier da abokan aikinta suka harba walƙiya mai ƙarfi cikin iskar gas. Inda Franken ya ga ninki biyu, su sun ga ninki gomiya-gomiya, jere ɗaya bayan ɗaya. Daga haɗa waɗannan ninki ne Pierre Agostini a Faransa da Ferenc Krausz a birnin Biyana suka samu, cikin 2001, walƙiyar da a ke auna ta da atosakan, wato femtosakan a raba shi gida dubu: 250 a wurin na farko, 650 a wurin na biyu. Da irin wannan walƙiya a ke bin motsin elektaron, ƴan ƙwayoyin da ke kewaya cikin zarra, waɗanda su ne ke ɗauke da wutar lantarki. Su ukun aka ba kyautar Nobel cikin 2023.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa. Tsakanin ɗigon da aka share cikin 1961 da kyautar 2023 akwai shekara 62. Sorokin wani abu ya ke nema ya samu rini, na'urar Giordmaine ta yi shekara 20 tana jiran dutsen da za a sarrafa a ƙasar Sin, shirin iraniyom da aka zuba wa dukiya ya tsaya, gwaje-gwajen da aka yi bisa ƙananan tebura suka kai ga ɗakin likitan ido. Cikin waɗanda suka biya kuɗin waɗannan bincike, babu wanda ya san tun farko wanne ne zai yi ƴaƴa.